An ƙona ƙwayar, saura yaron

Tun watan Fabrairun 2025, lokacin da BBC ta fito da bincikenta kan kamfanin magunguna na Aveo da ke Mumbai, maganar jar ƙwaya ba ta sauka daga bakin mutane ba a ƙasar nan. Rahoton ya nuna yadda ake haɗa tapentadol, wanda dangin tramadol ne amma ya fi shi ƙarfi, da carisoprodol, maganin sassauta tsokar jiki da Turai ta daɗe da janyewa daga kasuwa, a buga wa katin lamba 225, a yi jigilarsa zuwa Ghana da Najeriya da Kodebuwa. Cikin 'yan kwanaki hukumomin Indiya suka haramta haɗa shi da fitar da shi. A nan gida ma'aikatar matasa ta ƙaddamar da gangamin Red Means Stop. A Tamale kuma mun ga 'yan sa-kai suna bin lungu-lungu suna ƙwace kwalaye, a tara wuri guda a cinna wuta jama'a na kallo.

Duk wannan ya yi, ban raina ba. Sai dai mun taɓa yin irinsa. A 2018 aka tsaurara doka kan tramadol da maganin tari mai kodin a nan Ghana, Najeriya ta yi nata, Indiya ma ta matse fitar da tramadol a shekarar. Me ya biyo baya? 'Yan kasuwar suka sauya haɗi, yaran suka sauya launin kati. Muddin akwai jikin da ke kiran ƙwaya da asuba, wani zai nemo masa ita. Shi ya sa duk lokacin da na ga hayaƙin kwalayen nan yana tashi, yaron da aka ƙwace ta daga aljihunsa nake tunani. Gobe da safe ina zai dosa?

Wanda ya taɓa zama da irin yaran nan a Nima ko Ashaiman ko Aboabo ya san ba rashin sani ke damunsu ba. Sun fi mai wa'azin sanin illar abin. Sun ga abokinsu ya faɗi yana farfaɗiya a bakin kwata, wasu ma sun ɗauki gawa. In ka bar su suka yi magana, kalma ɗaya za ka yi ta ji: "Wallahi ina so in daina, amma ba zan iya ba." Mu kuma sai mu kama rabin farko mu yi ta hura masa wuta, muna tsoratarwa, muna jan kunne, alhali so ɗin yana nan tun tuni. Rabi na biyun, wato "ba zan iya ba", shi ne ramin da yaron yake ciki, kuma a kansa masana halayyar ɗan Adam suka shafe kusan shekara 50 suna aiki.

A 1977 Albert Bandura na jami'ar Stanford a Amurka ya fito da bayanin da wasu hanyoyin warkarwa na yau suka ginu a kai. Ya yi aiki da mutane masu mugun tsoron maciji. Bai ce musu su daina tsoro ba. Ya sa su kalli macijin daga nesa, sannan su kalli wani yana riƙe da shi, sannan su taɓa da safar hannu, har a kai ga hannu tsirara. Abin da ya gano shi ne, abin da ke nuna ko mutum zai fara wani aiki mai wuya, ko zai dage in ya ci karo da cikas, shi ne yadda ya yarda a ransa cewa shi ɗin nan zai iya wannan aikin. Kuma yardar tana da mafari huɗu. Mafi ƙarfinsu ita ce nasarar da mutum ya samu da hannunsa, komai ƙanƙantarta. Sai ganin wani irinka ya yi. Sai maganar wanda ka amince da shi. Sai kuma yadda jikinka ke yi a lokacin: in zuciya na bugawa, gumi na tsattsafowa, mutum kan ɗauka alama ce ta ya gaza.

Ɗauki wannan ma'aunin ka auna ɗan okada ko yaron mota ko mai haƙar galamsey da ya shekara biyu yana haɗiyar 225. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tramadol a yini, shi kuwa yana iya kora biyu ko uku kafin azahar. Da farko don ƙarfin aiki ya fara, ya ɗauki kaya bai gaji ba, ya kwana a kan babur. Wata rana, sau da yawa a farkon azumi ko bayan jana'izar aboki, sai ya yi niyya ya watsar. Kwana ɗaya, kwana biyu, sai azabar yaye ta taso: ciwon gaɓoɓi, gudawa, hamma, majina, zufa da sanyi a lokaci guda, barci ya ƙaura. Tramadol ma yana ƙara da nasa, fargaba da ruɗewa, don yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda maganin baƙin ciki ke taɓawa. A kwana na uku ga shi ba aiki, ba kuɗin abinci, ga mai babur na jiran balas. Ya koma. Abin da ya koya daga wannan yunƙurin ba wani abu ba ne illa "na gwada, ban iya ba". In ya yi haka sau huɗu, ya tara shaida huɗu a kan kansa. Ba wanda ya gaya masa cewa azabar takan kai ƙololuwa ne a kwana biyu zuwa uku, ta fara sauka cikin mako guda, kuma a asibiti ana iya rage masa ita ta hanyar sauke ƙwayar kaɗan-kaɗan da ba shi magungunan taimako. Ba wanda ya gaya masa cewa yanke jar ƙwaya farat ɗaya yana da hatsari, don carisoprodol ɗin ciki na iya jawo farfaɗiya. Saboda haka matakin farko na gina ƙarfin gwiwa a hannun likita ko nas yake, tun kafin a zo maganar zama a yi hira.

To mu fa, da me muke tararsa? Aski da kwalba, bulala, a zagaya da shi unguwa, a ɗauke shi a waya a watsa a WhatsApp da TikTok. In gida sun gaji, a kai shi inda za a ɗaure. Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012 kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sansanonin addu'a na ƙasar nan, a 2017 hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ce an haramta, amma kowa ya san sarƙa ba ta ƙare ba. Kada mu ce wannan na wasu ne. A Satumbar 2019 'yan sanda a Rigasa ta Kaduna sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari, da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu tarbiyya. Na san iyayen ba mugunta ta sa su ba, gajiya ce da rashin wurin zuwa. Amma duk abin da ke cikin wannan jerin saƙo ɗaya yake isar wa yaron: kai ba ka da iko a kanka, sai an riƙe ka. Ranar da aka kwance sarƙar, da wannan darasin zai fita.

Akwai wani bincike da nake so duk mai nasiha ya sani. A 1993 William Miller na jami'ar New Mexico da abokan aikinsa suka saurari zaman da masu ba da shawara suka yi da mashaya giya, suka ƙirga sau nawa ake ƙalubalantar mashayin, a musa masa, a tsare shi sai ya amsa laifi. Bayan shekara guda suka koma. Gwargwadon yadda aka matsa wa mutum a zaman, gwargwadon yawan giyar da aka tarar yana sha. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai shaye-shaye zuciyarsa biyu ce, ɗaya na son bari, ɗaya na son ci gaba. In ka tsaya a gefen bari kana ɗaga murya, ka bar masa gefen ci gaba ya kare, sai ya ji bakinsa yana jero dalilan da ya sa ba zai daina ba. Mutum kuwa ya fi gaskata abin da ya ji daga bakinsa.

Hanyar da Miller ya fara bayyanawa a 1983, daga baya suka faɗaɗa ta da Stephen Rollnick, juya wannan take yi. Hira ce ta tono niyya, inda mai taimako ke tambaya da sauraro har hujjar dainawa ta fito daga bakin mai shan. Ga misalin yadda takan kasance tsakanin nas da matashi:

"Ɗana, daga sifili zuwa goma, nawa kake jin za ka iya kwana uku ba ka sha ba?"

"Kai Mama, uku ma da ƙyar."

"Uku. To me ya hana ka ce sifili?"

"Ai lokacin da tsohuwata ta kwanta asibiti na yi kwana biyar ban taɓa ba. Ban so ta gan ni a haka."

"Kwana biyar, kai kaɗai, ba magani. Yaya ka yi da dare?"

Dubi inda tambayar ta dosa. Da ta ce masa me ya sa bai kai goma ba, da rauninsa zai lissafa mata. Da ta tambayi abin da ya ɗaga shi sama da sifili, sai ya tono nasarar da shi kansa ya manta da ita, ya kuma faɗi dalilinsa da bakinsa: mahaifiyarsa. Wasu za su ce wannan lallashi ne, sangarta ce. Ni a ganina ya fi tsawa wuya, don mai tsawa minti biyar ya gama ya tafi, mai wannan hirar sai ya danne bakinsa ya jira. Malamanmu da dattawanmu sun saba su yi magana a saurara, to a nan sai an juya kujera. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu cewa rabuwa da abin maye takan bi mataki, kowane ɗalibin makarantar Islamiyya ya san haramcin giya bai sauko rana ɗaya ba.

Niyya in ta samu, sai dabara. A nan ne aikin Alan Marlatt da Judith Gordon na 1985 kan hana komawa ruwa yake da amfani. Marlatt ya bi diddigin abin da ke faruwa daf da mutum ya koma, ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu a yanayi uku ake faɗuwa: ɓacin rai ko ƙunci, rigima da wani, da matsin abokai. Saboda haka mai warkarwa kan zauna da yaron su zana ranarsa. Ƙarfe nawa ƙawar take tasowa? A wane lungu? Da wa? Bayan wane tunani? Sannan a yi gwaji kamar wasan kwaikwayo: ni ne abokinka, ga ta na miƙo maka, me za ka ce? A maimaita har amsar ta zauna a baki. Ana koya masa cewa ƙawa kamar hadari take, ta haɗu ta yi baƙi, in bai biye mata ba ta watse, sau da yawa cikin abin da bai kai rabin awa ba. Duk wadda ya jure ta wuce, shaida ɗaya ta koma ɓangarensa. Tunanin nan na "ba ni iya aiki sai da ita" ma ba musu ake yi da shi ba, gwada shi ake yi: bayan jiki ya lafa, ya fita aikin rabin yini, a dawo a lissafa abin da ya samu da abin da a da yake kai wa mai ƙwaya.

Abin da ya fi taɓa ni a aikin Marlatt shi ne abin da ya ce game da tuntuɓe. Mutum ya yi wata biyu, ranar wani biki ya haɗiyi ɗaya. Ƙwaya ɗayar ba ita ke mai da shi gidan jiya ba, fassarar da ya yi mata ce. In ya ce "ashe dai ni ɗan ƙwaya ne, ba ni gyaruwa", to ya gama, zai sayi kati. In ya ce "na je wurin da bai kamata ba, ban shirya ba", gobe ya ci gaba da ƙirga. Mu Hausawa muna cewa tuntuɓe gushin gaba, amma ranar da yaro ya yi shi, mu ne na farko da za mu ce "ai dama mun sani". A Amurka an ƙiyasta cewa 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma aƙalla sau ɗaya, kusan daidai da masu hawan jini da asma da ke sakaci da maganinsu. Ban taɓa jin an aske wa mai hawan jini kai don ya ci gishiri ba.

Akwai wata hanyar da na san za ta ɗaga wa wasu hankali. A farkon shekarun 1990 Stephen Higgins na jami'ar Vermont ya fara ba masu shan hodar ibilis tukuici duk lokacin da gwajin fitsarinsu ya fito ba ƙwaya. Takardar sayen kaya ce, ƙimarta na ƙaruwa in aka jera, ta koma farko in aka karya. Ta yi aikin da har jihar Kaliforniya ta fara biyan kuɗinta daga asusun lafiyar talakawa a 2023. Na san tambayar: a biya yaro don ya bar abin da bai kamata ya fara ba? Ƙwaya tana biya nan take, amfanin dainawa kuwa sai bayan watanni ake gani, tukuicin gada ce tsakanin biyun. Kuma mu ma muna da irinta in mun so. Maigidan gareji da zai ce wa yaronsa in ka cika mako huɗu zan bar maka aikin mota ɗaya kuɗin naka ne, ko mai babur da zai rage balas, wannan ɗin ne, sai dai a cika alkawari a kan lokaci.

Sai maganar bes, majalisar da matasanmu ke zama su dafa ataya. Lokacin yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka sun kamu da hodar heroin a can. Lee Robins ta bi su bayan sun koma gida, ta tarar kimanin 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa a shekarar farko. Wuri ya canza, abokai sun canza. Yaronmu kuwa in ya fito daga magani benci ɗaya zai koma. Rusa bes ba mafita ba ce, don shi ne gidansu na biyu. Amma bes ɗin da ke da mutum ɗaya da ya daina shekara biyu, yana aikinsa, ya yi aure, ya fi allon talla goma. Muna yawan cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, sai mu yi ta nuna wa yara waɗanda suka lalace. Waɗanda suka tsira fa? Kunya ta sa iyalansu sun ɓoye labarin, don kada a rasa matar aure.

Iyaye mata su ne suka fi shan wahalar nan, kuma akwai hanyar da aka tsara dominsu. Robert Meyers ya ƙirƙiro tsarin da ake kira CRAFT, inda ba a fara da mai shan ba, da uwa ko mata ake farawa. Ana koya mata ta daina faɗa da shi lokacin da yake buge, ta daina biya masa bashi da rufa masa asirin da ke sauƙaƙa masa shan, ta sakar masa fuska ta nuna jin daɗinta ranar da ya shigo garau, ta kuma san lokacin da ya dace ta kawo maganar asibiti. A gwajin da aka buga a 1999 kan iyalan mashaya giya da suka ƙi magani, 64 cikin 100 sun yarda sun je, alhali inda dangi suka shirya taron tsare mutum a ɗaki 30 cikin 100 aka samu. Ƙungiyoyin matanmu na adashi da na biki suna haɗuwa kowane mako. Nas ɗaya da ta san wannan tsarin, in aka ba ta rabin awa a irin zaman nan, za ta kai inda gangamin rediyo bai kai ba. Ta nan ne ma za a iya isa ga 'yan matan da ke sha a ɗaki, waɗanda ba a ganinsu a bes, ba a kuma kai su ko'ina.

Ina ake samun duk wannan a Ghana? Nan gizo ke saƙar. A takarda mun yi gaba. Dokar 2020 da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yanzu ta ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, ta mai da hukuncin wanda aka kama da abin shansa tara, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, maimakon shekarun kurkuku na tsohuwar doka. Amma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu. Daga Tamale zuwa Accra kusan kilomita 600 ne. Shirin Agenda 111 ya yi alkawarin sababbi a Kumasi da Tamale, sai dai uwar da ɗanta ke karkarwa yau ba ta iya kai shi wurin alkawari. Ga kuma sunan wurin: ka ce wa ɗan zango Pantang, ya ji kana ce masa mahaukaci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne asibitocin gunduma suna da nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa, kwalejin lafiya ta Kintampo ma ta daɗe tana yaye jami'an da ke wannan aikin a cikin al'umma. Ƙofa ta farko ke nan, kuma ba sai an kwana ba.

Yawancin hanyoyin da na ambata ba su buƙatar gini. A Zimbabwe likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin yana aiki. Nasu kan baƙin ciki da fargaba ne, amma ya nuna wanda ba likita ba yana iya koyon hirar warkarwa in akwai ƙwararre a bayansa. Asusun raya zango da aka kafa da doka a 2017 ya shimfiɗa filayen ƙwallo na roba, mun gode. Kuɗin fili ɗaya zai horar da limamai da magajiyoyi da shugabannin bes nawa, a Hausa da Dagbani, a haɗa kowannensu da nas ɗin gundumarsa? Wannan ita ce tambayar da nake so sarakunan zango su kai gaban 'yan majalisarmu.

Wani gargaɗi da bai kamata in tsallake ba: ƙarfin gwiwa ma yana da na jabu. Yaron da aka kulle wata uku zai fito yana rantsuwa ya gama da ita har abada, alhali bai taɓa wuce kiyos ɗin mai sayarwa da kuɗi a aljihunsa ba. Masu warkarwa sun fi tsoron wannan goma-bisa-goman fiye da mai cewa shida yana taka-tsantsan. Kuma lokacin ne mafi hatsari a rayuwarsa. Jikin da ya huta ya manta da sabo, in ya haɗiyi adadin da yake sha a da, numfashi na iya tsayawa, musamman in ya haɗa da giya ko maganin barci. Shi ya sa mutuwa ta fi yawa a makonnin farko bayan fita daga kurkuku ko gidan gyaran hali. Duk gidan da ke jiran dawowar irin wannan yaron ya kamata su san alamun: barcin da ba ya jin tashi, numfashi sama-sama ko munshari mai shaƙewa, leɓe ya canza launi. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a bar shi wai ya yi barci ta sake shi. A kwantar da shi ta gefe, a kira 112 ko a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, a faɗa wa nas gaskiyar abin da ya sha, don akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi in an kai shi da wuri.